An cire wa 'yata ido saboda ciwon daji, yaya rayuwarta za ta kasance?

Tambaya daga wata uwa a Aboabo, Kumasi: "Assalamu alaikum likita. 'Yata Zainabu tana da shekara biyu da 'yan watanni aka gano ciwon daji a idonta na dama. An cire idon, an yi mata kemo, wato maganin kashe ciwon daji, aka sa mata idon roba. Yanzu shekararta takwas, lafiyarta ƙalau. Amma yara suna tsokanarta a makaranta, kakarta ba ta barin ta fita wasa, dangin babanta kuma suna cewa ba mai aurenta, wai ma daga wajena ciwon ya fito. Ina goyon ƙaninta yanzu. Ciwon zai dawo? Za ta rayu kamar sauran yara?"

Wa alaikumus salam, Maman Zainabu. Sannu da ɗawainiya. Allah ya ƙara mata lafiya, ya raya ta ita da ƙaninta.

Za ta rayu kamar sauran yara in Allah ya yarda, ta yi karatu, ta yi sana'a, ta yi aure, ta haihu. Ba lallashi nake yi miki ba. Ƙasar Holan tana ajiye bayanan waɗanda suka yi wannan ciwo tun ƙarni na 19, kuma da masu bincike suka bi waɗanda suka girma suka tambaye su yadda rayuwa take, sai aka tarar ba su da wani bambanci mai yawa da sauran jama'a. Inda aka ɗan ga rauni shi ne wajen kwanciyar hankali, kuma cikin abubuwan da suka fi jawo shi akwai tsokanar da mutum ya sha yana yaro, da fargabar gadar wa 'ya'yansa ciwon, da raunin gani ga wanda ciwon ya taɓa wa ido biyu. Sau da yawa ma iyaye sun fi yaran ganin abin da girma. Don haka abin da za ku yi da Zainabu a gida da makaranta daga yanzu zuwa ta mallaki hankalinta ya fi idon da aka cire nauyi a rayuwarta, kuma wannan yana hannunku.

Sunan ciwon retinobilastoma. Yana tasowa ne daga tantanin gani da ke shimfiɗe can bayan ƙwayar ido, kuma kusan duk waɗanda yake kamawa 'yan ƙasa da shekara biyar ne. Cikin jarirai 15,000 zuwa 20,000 akan sami ɗaya. Haɗarinsa shi ne ya bi jijiyar gani ya shiga ƙwaƙwalwa, ko ya bi jini ya sauka a ɓargo, kuma in zai yi haka, yawanci cikin shekara ɗaya ko biyu bayan aiki yake nuna kansa. Yaron da ya kai shekara biyar da gama magani ba a ga komai ba, muna lissafa shi cikin waɗanda suka warke. Zainabu ta kai nan. Ɗaya idon ma, sabon ƙari yana fitowa ne a tantanin da bai gama nuna ba, shi ya sa da wuya ƙwarai a ga sabo bayan yaro ya wuce shekara bakwai. Duk da haka a riƙa duba shi sau ɗaya a shekara.

Cire idon nan shi ya tsirar da ita, da ikon Allah. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya bi yara sama da 4,000 a ƙasashe 149, ya nuna bayan shekara uku sama da 99 cikin 100 suna raye a ƙasashe masu arziki, kusan 80 a rukunin ƙasashen da Ghana take ciki, 57 kacal a ƙasashen da suka fi talauci. Ciwon iri ɗaya ne ko'ina. Abin da ya raba su shi ne zuwa asibiti da wuri, da samun magani, da yarda a cire idon lokacin da likita ya ce a cire. Duk wanda ya ce miki da an yi haƙuri da ba a cire ba, bai taɓa ganin yaron da aka gudu da shi neman na gargajiya aka dawo da shi ido ya ɓullo waje ba.

Maganar gado kuwa sai kin ɗan yi haƙuri da ni, don a kanta sauran bayanin ya rataya. A jikin kowa akwai wata ƙwayar gado da ake kira RB1, aikinta ta hana ƙwayoyin jiki hayayyafa ba ƙa'ida. Biyu ce ga kowa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kamar birkin gaba da na baya a keke: ɗaya ya tsinke ɗayan zai riƙe, sai duka biyun sun lalace ƙari yake tashi. Wani likita a Amurka mai suna Alfred Knudson shi ya hango haka a 1971, aka gano ƙwayar kanta a 1986. A wajen kusan yara 60 cikin 100, lalacewar biyu a cikin idon kaɗai ta faru. An cire idon, magana ta ƙare, ba abin da za su gadar wa kowa. Sauran kusan 40 an haife su ne da ɗaya a lalace ko'ina cikin jikinsu. Su ne ciwon ya fi kama wa ido biyu tun suna jarirai, su ne kuma kowane ɗa da suka haifa yake da rabi da rabi na ɗaukar abin.

Duk wanda ciwon ya kama wa ido biyu, nasa na gado ne. Wanda ya kama wa ido ɗaya, ba a kuma san ciwon a danginsa ba, kamar Zainabu, wajen 85 cikin 100 ba na gado ba ne, wajen 15 na gado ne. Gwajin jini ke rabewa. Yana da tsada, ba kowane asibiti ke yin sa ba, amma ki tambayi likitanta ko akwai hanya, don amsarsa za ta yi mata amfani har tsufanta. In bai samu ba, sai mu yi taka-tsantsan kamar tana cikin 15 ɗin nan, ba tare da mun ɗaga hankalin kowa ba.

Wannan ne ya sa goyon da ke bayanki yake buƙatar a duba idonsa cikin makon nan, in ba a riga an duba ba. Yiwuwar ya kamu kaɗan ce, amma ta fi ta ɗan maƙwabta. Ba duban da ake yi a wajen awo nake nufi ba. Likitan ido ne zai ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya leƙa har baya, ya ba ki ranakun dawowa, kusa-kusa yana jariri, suna ƙara nisa yana girma. Ke da babansu ma a leƙa naku sau ɗaya, don akwai manyan da ke ɗauke da tabon ƙarin da ya tsaya da kansa ba su sani ba. Ƙaramin ƙari da aka kama da wuri ana iya ƙona shi da hasken leza ko a daskarar da shi, ido ya tsira. Tsakanin zuwa da zuwa, in kika ga fari yana ƙyalli a tsakiyar baƙin idonsa, abin da mutane ke cewa idon mage, ko ya fito a hoton waya mai filasha, ko ido ɗaya ya fara harara-garke, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Su kuma masu cewa daga wajenki ya fito, ba su da hujja. Ba abin da kika ci da ciki ba ne, ba kambun baka ba ne, ba auren zumunci ba ne. Mutane suna haɗa shi da sikila alhali hanyarsu daban ce, don sikila sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita. Ko a cikin na gadon ma, yawancin iyayen lafiyarsu ƙalau, canjin sabo ne da ya faru wajen shigar ciki, kuma bincike ya nuna irin wannan sabon canjin ya fi faruwa a ƙwayar da ta zo daga uba. Ban faɗa don ki je ki rama ba, shi ma ba laifinsa ba ne. In da hali, ranar ganin likita ki zo da babanta da gwaggon da ta fi kowa magana. Abin da suka ji daga bakin likita ya fi zama a kunnensu.

Idon hagun nan shi ne jarinta, kuma rauni ne babban abin tsoro a kansa yanzu. Danƙon harbin tsuntsu, tsinken tsintsiya, bakin fensir, jifa, nokawut ɗin da yara ke fasawa lokacin Kirsimeti da sallah, man suya da ya fantsama, sodar da ake haɗa sabulu da ita. Maganin mafi yawansu abu ɗaya ne: tabarau mai gilashin folikabonet, wanda ba ya tarwatsewa in abu ya buge shi. Ta sa shi daga safe har kwanciya, ko da tana gani sarai. Ki bar ta ta zaɓi kalar da take so, don tabarau ɗin da yarinya ba ta so a jaka yake wuni. Yana da wani amfani kuma, yana rage yadda mutane ke lura da bambancin idanun biyu.

Bulala tana buƙatar magana ta musamman. Hukumar ilimi ta Ghana ta hana duka a makarantunta, amma duk mun san bulala ba ta bar aji ba, balle makarantar allo. Bakinta ba ya zaɓar inda zai sauka, sau da yawa ma na kusa da wanda aka nufa take samu. Babanta ya je da kansa, cikin ladabi, ya gaya wa malamarta ta boko da malaminta na allo cewa yarinyar nan ido ɗaya ya rage mata, a hore ta da wani abin daban, a kuma zaunar da ita nesa da inda bulala ke shawagi. Malamai suna jin wannan magana in uba ne ya kawo ta.

In apolo ya shigo unguwa, wanda dama a Ghana aka fara ganinsa a 1969, kowa kan ruga kemis ya sayi maganin ɗigawa. Ban da Zainabu. Wasu magungunan nan suna da sinadarin da in an daɗe ana ɗigawa yake jawo hawan jinin ido, wanda ke cinye gani a ɓoye. Ruwan nono, ruwan sukari, ruwan ganye, duk kada su kusanci idonta. Jan ido, zafi, ko dishi-dishi, ranar ce za a kai ta asibitin ido. Kwalli ma gara a haƙura da zizara shi a ciki, don yawancinsa akwai dalma, yana kuma taruwa a bayan idon roba.

Abin da ta rasa a gani bai kai yadda ake zato ba. Faɗin abin da take gani ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ta gefen dama, sannan auna nisan abin da ke kusa, kamar zira zare a allura ko cafe ƙwallo, ya fi mata wuya. Amma wanda ya rasa ido yana shekara biyu ƙwaƙwalwarsa ta daɗe da koyon wasu dabarun, ya fi babban da ya rasa jiya sabawa nesa ba kusa ba. A aji ta zauna ta ɓangaren dama, bango ya kasance gefen idon roba, allo da malami su faɗo gefen da take gani. A titi ki koya mata juya kai gaba ɗaya, ba satar kallo ba, don piragiya, wato babur mai ƙafa uku, da babur a Aboabo da Asawase ta ko'ina suke ɓullowa. Ɗinki, kitso, kasuwanci, koyarwa, aikin jinya, lauya, duk a buɗe suke gare ta. Aikin soja da makamantansa ne sukan nemi ido biyu.

Idon roba ba abin ado kaɗai ba ne. Shi da ɗan ƙwallon da aka dasa a ciki lokacin aiki su ke riƙe gurbin idon, su sa ƙashin fuska ya ci gaba da girma daidai da ɗaya gefen. Gurbin da aka bari fanko yana tsukewa, in ya tsuke kuwa mayar da ido sai da wani aikin. Don haka da shi take kwana, in ya ɓata kuma a nemi wani da gaggawa. Yaro yana girma, idon ba ya girma, saboda haka a duba shi duk shekara, a goge shi ya yi santsi, a ƙara masa girma ko a sauya in ya yi kaɗan. Alamar ya yi kaɗan ita ce ya riƙa juyawa, ko faɗowa, ko fatar ido ta sama ta zube, ko gefen ya lotsa. In akwai hali, wanda aka auna gurbin aka yi mata shi, aka zana shi daidai da launin ɗaya idon, ya fi na tari da ake zaɓa a akwati zama da kyan gani.

Ba sai an cire shi kullum ba, yawan cirewa ma yana ƙara kwantsa. In za a wanke, a wanke hannu tukun, a sa ruwa mai tsabta da sabulu mara ƙamshi, a ɗauraye sosai. Ban da sifirit, ban da Dettol, ban da tafasasshen ruwa, duk suna lalata robar. In za ta goge ido, ta rufe shi ta goge zuwa wajen hanci, don gogewa zuwa waje ke zaro shi. Lokacin hunturu kwantsa za ta ƙaru saboda ƙura da bushewar iska, likita zai ba ta maganin ɗigawa mai sa laushi. Kwantsa mai ruwan ɗorawa ko kore, da wari, da kumburi, wannan kam ciwo ne, a je asibiti. A shekarunta ya kamata ta fara koyon cirewa da mayarwa da kanta a gaban madubi, a kan tawul. Ranar da ya faɗo a makaranta, yarinyar da ta iya ɗauka ta wanke ta mayar ba za ta ji kunyar da wadda ta tsaya kuka tana jiran a kira uwarta za ta ji ba.

Akan tambaye ni ko ya halatta. Ni ba malama ba ce, amma hadisin Arfaja ɗan As'ad sananne ne: an yanke masa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Cikin ido kuma ba ya cikin abin da ake wankewa a alwala.

Tsokana kuwa, a ganina ita ce ainihin ciwon da ya rage. Yaran Zango ba su da tausayin baki. "Mai ido ɗaya" shi ne mai sauƙi. Akwai masu kiran yaro Dujal, don sun ji a wa'azi cewa Dujal ido ɗaya gare shi. Yarinya 'yar shekara takwas da aka jefa da wannan suna ba lallai ta zo ta faɗa miki ba. Sai dai ki ga ciwon ciki kowace safiyar Litinin, ko ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ko ta daina shiga hoto, ko ta koma dukan ƙanne.

Farkon gyara shi ne ta san gaskiyar labarinta daga bakinki. Gidaje da yawa suna cewa yaro faɗuwa ya yi, ko a yi shiru gaba ɗaya, sai ya tsinci labarin a bakin wata maƙwabciya, a karkace. Abin da aka ɓoye wa yaro, ɗauka yake abin kunya ne. Ki zaunar da ita ki ce mata: kina ƙarama ciwo ya shiga idonki, likitoci suka cire idon don kada ciwon ya shiga jikinki, kin warke, ba laifinki ba ne, ba kuma ya kama wani. Sannan ku shirya amsa gajera da za ta riƙa bayarwa, misali "Idona ya yi ciwo ina ƙarama, likita ya sa mini wannan." Ki zama ke ce mai tsokanar, ita tana amsawa, har bakinta ya saba, ta faɗa kanta a ɗage ta wuce. Mai tsokana kuka yake nema, in bai samu ba yakan gaji.

Sauran aikin na manya ne. Malamar ajinta ta sani, ta kuma san abin da za ta yi in idon ya faɗo. Malamin allo kuwa yana da makamin da ya fi na kowa: aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabi. Ya kuma ba yaran labarin Aɗa'u ɗan Abi Rabah, baƙar fata, mai ido ɗaya, wanda ya zama mai ba da fatawa a Makka a zamanin tabi'ai. Sauya makaranta shi ne na ƙarshe, don sabuwar makaranta sababbin masu tambaya ne.

Akwai karin maganar da nake roƙon a daina yi wa yaran nan, wai mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Manya suna faɗa da kyakkyawar niyya, amma abin da yaro ke ji shi ne ba shi da izinin baƙin ciki. Wata rana za ta ce miki ita ma tana son ido biyu. Ki rungume ta ki ce kin sani, godiya ta biyo baya. Shekarun da suka fi tsanani su ne na tashen balaga, lokacin da madubi ya zama aboki. In kika ga ta janye daga ƙawaye, barci ko cin abinci ya canza, ko maki ya zube na makonni, manyan asibitocin koyarwa irin Komfo Anokye da Korle Bu suna da masu duba lafiyar tunani, ganinsu kuma ba ya nufin hauka.

Hajiya kaka so ne ya sa take tsare ta, don haka ba da faɗa za a ɓullo mata ba. Amma yarinyar da ba ta fita, ba a aikenta, ba a tsawata mata, ana cewa "ku ƙyale ta, ba ta da lafiya", za ta tashi tana ganin kanta majinyaciya alhali ta warke, 'yan'uwanta kuma su tashi da jin haushinta. Ta yi ampe, ta yi tsallen igiya, ta yi wanke-wanke, ta je aike, in ta yi laifi a yi mata faɗa kamar kowa. Ki ba Hajiya muƙami: ita ce mai tsaron tabarau. Ba tabarau ba fita, da tabarau a tafi. Tsofaffi sun fi sakin hannu in an bar musu abin riƙewa.

Maganar ba mai aurenta, wannan faɗar baki ce kawai. Masu idon roba suna aure suna haihuwa, kuma magungunan kemo da aka fi ba yaran nan, wato kaboplatin da binkiristin da etoposayid, yawanci ba sa hana haihuwa. In ba a yi gwajin jini ba, lissafin da na kawo a sama yana nufin kowane ɗanta yana da kusan 7 cikin 100 na ɗaukar abin, kuma wanda aka fara dubawa tun kwanakin farko akan tsirar da ransa, galibi har da ganinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɓoyewa. A gaya wa mai nema da zarar magana ta yi ƙarfi, tun kafin a kai ga lefe, kamar yadda yanzu ake zuwa gwajin sikila ba wanda ya ɗauke shi cin fuska. Wanda zai gudu, gara ya gudu a lokacin. Wanda ya gano bayan ɗaurin aure, abin da zai riƙe shi ne an yaudare shi, kuma ita za ta biya.

Ga masu karatu da ciwon ya kama wa yaro ido biyu, gani ya ragu ƙwarai ko ya tafi: hanyarku ta fi tsawo, amma ba bara ce ƙarshenta ba. Makarantar makafi ta Akropong tana nan tun 1945, akwai wata a Wa, kuma dokar masu buƙata ta musamman ta 2006 ta ba yaron haƙƙin karatu. Ofishin walwalar jama'a na gundumarku ne ƙofar neman kason kuɗin da aka ware wa masu buƙata ta musamman. A 2013 an naɗa Dakta Henry Seidu Daanaa, lauya makaho, ministan harkokin sarauta a ƙasar nan, duk da surutun da wasu suka yi. A fara rubutun makafi da sandar tafiya da wuri, kada a tsaya jiran gani ya dawo.

Saura lafiyar jiki a nan gaba. Kaboplatin yakan taɓa ji a wasu yara, musamman waɗanda aka ba suna jarirai, don haka a gwada kunnenta in ba a taɓa yi ba. Yaron da ake cewa ba ya mai da hankali a aji, wani lokacin ji ne ya ragu. Masu irin na gado kuma suna da haɗarin wani dajin daban in sun girma, na ƙashi, na tsoka, na fata, ko na huhu, haɗarin kuma ya fi yawa ga wanda aka yi wa gashin na'ura, wato rediyoterafi, yana jariri. Taba da shisha ba nata ba ne har abada. Hoton CT da eksire, wato hotunan cikin jiki da ake ɗauka da haske mai ratsa jiki, kada a yi sai da dalili mai ƙarfi, in hoton MRI ko sikanin, waɗanda ba sa amfani da wannan haske, zai wadatar a zaɓe shi. Ciwon ƙashi a wuri ɗaya da ya wuce mako biyu ko uku, musamman mai tashin ta da dare, ko kumburin da ke girma, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, kada a ce ciwon girma ne ko sanyi, kada a kai wa mai ɗori. A je asibiti, a kuma fara da faɗin tarihinta.

Ta fuskar kuɗi, tun 2022 inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da ciwon daji iri huɗu na yara cikin abin da take biya, har da wannan, don haka kada katinta da na ƙaninta su mutu, ana sabuntawa ta waya da *929#. Amma tabarau da kayan roba irin idon nan suna cikin abin da inshorar ba ta saba biya ba. Ki ware musu ɗan susu, wato adashi, tun yanzu, tunda kin san sauyin zai zo. Ki kuma tambayi nas-nas na ɗakin yara masu ciwon daji game da ƙungiyar iyaye, a can ake jin inda ake samun tallafi da inda ake yin ido mai kyau.

Ki nemi likitanta ya rubuta miki taƙaitaccen tarihi a takarda ɗaya: wane ido, wace shekara, abin da gwajin idon da aka cire ya nuna, sunayen magunguna da sau nawa aka ba ta, ko an yi gashin na'ura, ko an yi gwajin gado. Ki ɗauki hotonta a waya, ki tura wa babanta da wani amintacce, asalin kuma ya shiga inda kike ajiye takardar haihuwa. Folda takan ɓata, likitoci sukan sauya wurin aiki, kuma likitan manya da zai gan ta tana shekara talatin mai yiwuwa bai taɓa haɗuwa da wanda ya yi wannan ciwo ba. Kafin ta kai shekara goma sha biyar ta iya faɗin abin da ke cikin takardar da bakinta, ta san ranar duba idonta ba sai an tuna mata ba. Ranar da ta je awon cikinta na fari, ta miƙa wa ungozoma takardar tun kafin a tambaye ta, a rubuta a katin awo cewa likitan ido zai duba jaririn cikin kwanakin farko bayan haihuwa.